Na Je Maraɗi Neman Mai Waƙar Nomau

Ranar sadakar arba'in ta Yaya Bawa labarin ya same ni. Muna zaune ƙofar gida a Kamarawa, an shafa fatiha ana rabon gumba, sai Alhaji Labbo, ɗan kasuwar nan mai kai kaya Maraɗi, ya jawo hannun rigata muka koma gefe.

Ya ce, "Mudi, ka ji an saida waƙar Nomau?"

Na ce, "Wa ya saida ta? Ai duk mai waya yana da ita."

"Ba irin wanga sayarwa ba. Ita waƙar kanta. Wai yanzu tana da mai ita, an rubuta sunanai cikin wani abu da suka kira bulokcen. Ni ma ban gane ba, abin da anka ce mani ne nika gaya maka."

Ni kaina ban gane ba. Amma tun bayan rasuwar, ranar ne na fara jin kamar an buɗe mani ƙofa.

Tun da na dawo daga tafiyar, abokai ke tambayata yadda aka yi. Wasu a shagona na ɗinki, wasu a masallaci. Kowa na ba shi guntu, kuma na lura guntayen sun fara saɓa wa juna a bakin mutane. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya. Karatuna ba mai nisa ba ne, kuma akwai abubuwan da har yanzu ban gane ba. Inda ban gane ba za ni faɗa.

Ga wanda bai san mu ba, Bawa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, makaɗin noma. In an yi gayya shi ake kira da gangunansa, ya bi bayan manoma yana zuga su. In ya ga jarumi ya yabe shi, wanda ya sare kuma ya yi masa zambo. Shekarun baya, a wata gayya a Turba, wani mutum mai suna Nomau ya bar kunyarsa rabi ya je gindin marke ya kwanta. Nan take Yaya ya ɗora masa waƙa. Mutane suka yi ta dariya, waƙar ta fi duk waƙoƙinsa tafiya. Daga baya ne Yaya ya ji cewa ana gobe gayyar Nomau ya goya ɗiyarsa a ƙafa ya kai ta asibitin Isa ya dawo, kuma kwana biyu bayan gayyar yarinyar ta rasu. Nomau bai ce wa kowa komai ba. Da yara suka matsa masa, ya kwashe iyalinsa ya koma Gangara wurin dangin uwarsa.

A wurinmu in makaɗi ya ɓata mutum kuma ya yi nadama, yakan ɗauki makaɗansa ya je ƙofar gidan mutumin da rana, ya yi masa sabuwar waƙa ta yabo gaban jama'a. Daga ranar ba a sake kaɗa tsohuwar. Yaya ya yi niyya. Amma rashin zaman lafiya ya watse makaɗansa, ɗaya Sakkwato, ɗaya Nijar, gayyar ma aka daina. Sannan ciwon maƙogwaro ya kama shi, muryar ta tafi. Kwana uku kafin ya cika ya sa na kawo kunnena bakinsa, ya ce, "Mudi, a kashe waƙar Nomau." Ita ce kaɗai wasiyyar da ya bar mani.

To ka ga dalilin da maganar Alhaji Labbo ta faranta mani rai. Mu abin da muka sani, waƙa in tana da ubangida, in ya ce a bari, an bari. Na ce a raina, tunda yanzu tana da mai ita, sai in nemo shi in roƙe shi.

Na tashi ranar kasuwar Sabon Birni, saboda ranar ce motoci ke tafiya a jere. Mun bar Isa da hantsi. Ba za ni yi dogon bayani kan hanyar ba, kowa ya san halin da take ciki. A motar ba mai magana sai direba, shi ma addu'a yake yi a bayyane duk inda daji ya matso bakin titi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta riƙe gwiwata tun daga Isa ba ta sani ba. Da muka shiga gari ta saki, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ƙafarka ce ashe? Ni cewa nake buhuna ne."

A Sabon Birni Alhaji Labbo ya haɗa ni da wani mai babur, Arzika, wanda ke kai mutane Tsululu. Damina ta riga ta zauna, gulbi ya kawo ruwa, sai da aka ɗora babur cikin kwalekwale. Da muka kai wancan gaɓar na sauka cikin laka, ƙafata ta dama ta nutse, na zaro ta ba takalmi. Muka lalube har gwiwar hannu ba mu same shi ba. Arzika ya ce, "Malam, bar ma gulbi nai, ka ba shi ɗayan ma ya cika." Haka na shiga ƙasar Nijar da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayar ƙafar cikin leda.

A kan iyaka akwai rumfa da jami'ai biyu. Ɗaya ya karɓi katina na ɗan ƙasa ya juya shi, ya dubi ƙafata, ya tambayi abin da zai kai ni Maraɗi. Na yi ta tunanin amsar da ba za ta zama ƙarya ba. Na ce, "Za ni neman mai wata waƙa." Ya ce wace. Da na faɗa sai ya kira ɗan'uwansa da Faransanci, suka yi dariya, ya ce ai yana da ita a wayarsa. Ya miƙo mani katin, ya ce in gaida Bawa. Na ce Bawa ya rasu. Ya cire hularsa, sannan ya ce in wuce.

A tashar Tsululu na sayi silifa. A nan kuma na ji abin da ya tsaya mani a rai har yau. Motar Gidan Rumji ta cika, saura mutum ɗaya da ya tsaya sayen ƙosai. Direba ya leƙo ta taga ya daka masa tsawa, "Kai Nomau, taso mu tafi!" Mota duk ta ɗauki dariya. Na tambayi na kusa da ni ko sunan mutumin ke nan. Ya ce a'a, haka ake ce ma duk mai nawa. Na ce ko ya san Nomau. Ya ce, "Wane Nomau? Ai waƙa ce."

Mun wuce Gidan Rumji da Tibiri, muka shiga Maraɗi bayan azahar. Wayata ta daina aiki tun kan iyaka, sai da tambaya na gano masaukin da Alhaji Labbo ya kwatanta mani, gidan wata Bagobira da kowa ke kira Inna Hure. Fatake ke sauka zaurenta. Ta dubi tsagen fuskata ta ce, "Kai namu ne, shigo." Ta kawo mani ƙwaryar fura, sannan kwanon zogale da aka kwaɗa da ƙuli da garin rogo. Da safe kuma buredi suke ci dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya. Na gatsa ya yanke mani dasashi. Inna Hure ta ce, "Ku mutanen Najeriya kun saba da buredi mai kama da katifa. Tsoma shi cikin shayi, ɗana."

Hausarsu tamu ce, sai dai kowace magana sun sa mata ɗan Faransanci, kamar gishiri. Kuma da rana ta take sai gari ya mutu, a rufe shaguna da ofisoshi har bayan la'asar. Mu a Isa in tela ya rufe shago da rana tsaka, za a zo gida a tambayi ko lafiya. Wannan ya sa ranar farko na yi zuwan banza wurin mutumin da nake nema. Na iske ƙofa da kwaɗo, na zauna gindin bedi, wato dogon yaro, ina jira har barci ya ɗauke ni.

Sunansa Isufu, Alhaji Labbo ya ce shi ne ya sayar da waƙar. Shi ne ya ɗauki muryar Yaya shekarun baya, lokacin da suka zo wasa Tibiri. Mutum ne mai kamar shekara arba'in, da gilashi, ɗakin aikinsa an manna wa bango kwalayen ƙwai. Da ya ji ni ƙanen Bawa ne ya tashi ya riƙe hannuna biyu, ya yi mani gaisuwa yadda ya kamata. Ya ɗauko takarda ya nuna mani inda Yaya ya dangwala yatsa, ya ce komai da yardarsa aka yi. Na ce ban zo da ƙara ba, kuma ban zo neman komai ba. Ina son in ga mai waƙar Nomau ne kawai.

Ya ce, "Bon. Bari in maka bayani."

Ya yi bayanin sau uku. Abin da na iya riƙewa shi ne wannan. A da mutum yakan sayi kaset ya ajiye, ya ce nasa ne. Yanzu waƙa tana cikin manhajojin sauraro, kowa ya latsa ya ji, ba wanda ya riƙe komai. To sai wasu suka ƙirƙiro wani littafi, shi ne bulokcen, wanda ba a ɗaki ɗaya yake ba. Yana cikin na'urori masu yawa a ƙasashe daban-daban, kowace da irinsa. In aka rubuta a ciki cewa wane shi ke da kaza, to ya zauna. Ko ka goge a wuri ɗaya, sauran suna nan.

Na ce, "Kamar ɗaurin aure gaban gari duka."

Ya ce da ɗan Faransancinsu, "Wala! Ka gane."

Ban gane ba. Na ce, "To shi mai ita, in ya ce kada a saurara, a daina?"

"A'a. Kowa na iya saurare."

"Yana iya hana a sa ta a mota?"

"A'a."

"To mi ya saya?"

Isufu ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. Ya ce, "Ya sayi cewa tashi ce."

 Sannan na gaya masa wasiyyar. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce shi abin da ya ja shi ga wannan aiki shi ne ya ga tsofaffin makaɗa suna mutuwa, kaset yana ruɓewa, ana ɗora waƙoƙinsu ba ko suna. Ya so a sami wurin da za a rubuta sunan Bawa ba mai iya kankarewa. Ya ce, "Abin da nike alfahari da shi ke nan, ba ya goguwa. Kai kuma gogewar ka zo nema."

Ya ce mai waƙar mace ce, Hadiza, 'yar Tibiri, tana aikin jinya a Faransa. Ya aika mata saƙo, ta ce a kira ta gobe da hantsi kafin ta fita aiki.

Washegari muka zauna gaban na'urarsa, fuskarta ta fito. Mace ce mai kamar shekaruna, da ɗankwali, bayanta taga da farin labule. Ta yi mani ta'aziyya da Hausa tsantsa irin ta Gobir, har na ji kamar wata gwaggona ce. Na tambaye ta abin da na tambayi Isufu, cikin ladabi. Na ce, "Hajiya, tunda kina iya jin ta kyauta, mi ya sa kika saye ta?"

Ta ce mahaifinta manomi ne, ya rasu tana can, ba ta samu zuwa ba. Wannan waƙar yake sa wa a rediyonsa in ya dawo gona, yana dariya har da hawaye. Ta ce, "Malam Mudi, waƙoƙin cikin wayata ba su ƙirguwa. Ina ji ina wucewa, gobe na mance. Wagga ɗaya na so in tsaya gare ta. Duba." Ta juya wayar ta nuna mani bango. Ta buga shaidar mallakar waƙar a takarda ta sa a firam. Ga sunan Yaya a sama, ga nata a ƙasa.

Ban zaci abin zai taɓa ni ba. Mu da aka haife mu gida ɗaya da shi, ba mu da ko hotonsa a bango. 

Sai na ce, "Hajiya, kin san Nomau yana da rai?"

Ta ce, "Wane Nomau?"

Na ba ta labarin gayyar, da yarinyar, da komawarsa Gangara, da direban Tsululu. Ta rufe bakinta da hannu. Ta ce ita duk zatonta suna ne kawai aka sa, kamar na tatsuniya. Ta ce, "Babana da ya sani ba ya dariya. Wallahi ba ya yi." Sannan ta ce wa Isufu a goge, ta yafe abin da ta biya.

Isufu ya ce ba a iyawa. Yana iya sauke waƙar daga shafinsa na manhajojin sauraro, kuma gabana ya yi hakan. Amma wasu sun riga sun kwafa sun ɗora a nasu, ga ta cikin wayoyi da mimori ko'ina. Shi kuwa littafin, abin da ya shiga ya shiga. Abu ɗaya ake iya yi, a ƙara layi a ƙasa cewa ta bar hannun wance ta koma hannun wane.

Hadiza ta ce, "To a mai da ta ga Nomau. In akwai mai ita, shi ne."

A nan ma na ji daɗi, don maganarta ta yi daidai da tamu. Mu ma waƙar da aka yi wa mutum da sunansa ake kiranta. Isufu ya tambayi ko Nomau yana da babbar waya. Na ce ban sani ba ko yana da ƙarama. Ya ce ba komai. Ya yi 'yan danne-danne, ita ma ta yi daga can, sannan ya ɗauko takarda ya rubuta kalmomi goma sha biyu na Turanci, ya ninke ya ba ni. Ya ce su ne mabuɗi. Duk wanda ke riƙe da su shi ke da waƙar, in sun ɓace ba mai iya dawo da su, ko shi. Na karanta su. Akwai wadda na sani tana nufin kujera, wata kuma kifi. Ban ga abin da ya haɗa su da Yaya ba.

Da na koma masauki na ari allura wurin Inna Hure na ɗinke takardar cikin aljihun rigata ta ciki. Ta tsaya tana kallo ta ce, "Laya anka ba ka?" Na ce a'a, waƙa ce. Ta ce, "Allah shi kyauta," ta koma wurin tukunyarta.

Dawowa ba abin da ya faru sai ruwan sama da ya tsare mu a Tsululu rabin yini. Daga Sabon Birni ban wuce gida ba, na nemi babur zuwa Gangara.

Na iske Nomau bayan la'asar a ƙofar gidansa yana tufka igiya. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Na yi sallama na durƙusa. Ya dube ni ya ce, "Ƙanen Bawa ne." Ya sa aka kawo mani ruwa da tabarma. Ya yi mani gaisuwar rashi kafin in buɗe baki.

Na gaya masa komai, daga wasiyyar har Hadiza. Yana ji yana tufka, bai katse ni ba. Da na gama na farke aljihun na miƙa masa takardar. Bai karɓa ba.

Ya ce, "Kac ce yanzu tawa ce?"

Na ce, "Haka anka rubuta, Malam Nomau. Kuma ba mai iya sauyawa."

"To tunda tawa ce, na ce a bari."

Na ce, "Ba ta baruwa."

"Yaran da ka biyo ni kasuwa da ita, ina iya hana su?"

"A'a."

"To mi an nawa cikinta?"

Tambayar da na yi wa Isufu ke nan, kuma amsar da ya ba ni ban iya maimaita ta gaban wannan mutum ba. Na sunkuyar da kai. Daga baya na ce abin da ya kawo ni na gaskiya shi ne in roƙa wa Yaya gafara.

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Shekara nawa ina zaune nan ina sauraren ganga daga hanyar Kamarawa. Shi ya kamata shi zo."

Na ce, "Ya so zuwa. Murya ce ta ƙare, sannan kwana ya ƙare."

"Na sani. Na je jana'iza. Sahun baya nit tsaya, ba ka gan ni ba."

Aka fara kiran magariba. Ya tashi ya naɗe igiyarsa. Ya ce in riƙe takardar wurina, shi ba ya da inda zai ajiye ta, gara ma na iya cinye ta. Maganar gafara kuwa ya ce ba zai faɗi abin da bai kai zuciyarsa ba don kawai na yi tafiya mai nisa. Ya ce in dawo in an ɗebe gero.

Abokai suna tambayata ko wannan bulokcen abin kirki ne. Ban sani ba. Na ga mace a wata ƙasa ta rataye sunan wana a bangonta saboda shi, na kuma ga mutumin da aka ce waƙar tasa ce bai iya hana yaro ɗaya rera ta ba. Na kasa haɗa biyun wuri ɗaya.

An fara yankan gero a makon nan. Ban koma Gangara ba tukuna, Nomau bai ce ya yafe ba, kuma wasiyyar Yaya Bawa ban cika ta ba.